Rijiyar Gabas da Sunan Kaka

Tawa, Nuwamba 1963

Zuwa ga yayana Manzo. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, da Kakarmu Lalla, da mutanen gida duka.

Yaya, yau ƙaninka ya kasa zama wuri ɗaya. Ka san bara a kwaleji ni ne abin dariya wajen rubutu. Kowace takarda na cika ta da "an ce", mushe kuma, wato malaminmu, ya bi ta da jan alƙalami yana tambaya wane ne ya ce, kuma a ina ya gani. Na tsani mutumin nan ƙwarai. Bana ya sa mu rubuta tarihin wani abu na garinmu, na ɗauki rijiyar gabas, wadda kake ban ruwan albasarka da ita. Ka tuna da hutu na dame Kaka da tambaya har ta kore ni da muciya? To, duk abin da ta faɗa na rubuta, da sunanta: cewa tana yarinya ta kai wa masu gina fura, kuma Buzaye, iyayen Illa makiyayi, tare da mutanenmu suka gina ta. Mushe ya karanta a gaban aji, ya ce yanzu na fara rubutu irin na masu ilimi. Ka gaya wa Kaka sunanta ya shiga Faransanci.

Na bar ka lafiya. Ƙaninka, Attahir.

Tebaram, Disamba 1963

Zuwa ga Attahir. Bayan gaisuwa, muna lafiya, amma ba da daɗi ba.

Na shigo kasuwa ne na samu mai kai maka wannan. Kai kana can kana murna, mu ka ɗora mana dutse. Ba ka san tun lokacin kaka mai gari ya sa an kewaye rijiyar da ƙaya ba, Illa kuma, da aka hana raƙumansa sha, ya kai ƙara wurin kumandan mai mulkin yanki a Tawa? Duk dattawan ƙauyenmu sun yi baki ɗaya cewa tamu ce mu kaɗai. Ashe ɗan tafintan kumandan ajinku ɗaya, ya kwashe labarin ya kai gida. Yanzu an aiko ana neman tsohuwa mai suna Lalla.

Mai gari ya ce ka je ka shaida cewa ƙirƙira ka yi don malami ya yabe ka, yaro ne kai, ba wanda zai riƙe ka. In ba haka ba, Kaka za ta tsaya ita kaɗai gaban garin da ta tsufa a ciki. Albasata ma za ta tafi, don in an cire ƙayar nan raƙuma za su bi. Ka yi sauri.

Wanka, Manzo.

Tawa, Disamba 1963

Yayana, ina gaishe ka da girmamawa, ina gaida Kaka.

Takardarka ta iso ni. Na je ƙofar ofishin kumandan na dawo, na sake zuwa na dawo, har mai gadi ya fara yi mini kallon ɓarawo. Na tambayi mushe ko zan iya cire sunan in bar maganar. Ya ce in babu sunan, jita-jita ce kawai, in kuma na ce ƙarya na rubuta, ba zai ƙara yarda da layi ɗaya nawa ba. Ya yi mini bayanin hujja mai kyau, amma bai san Kaka ba, bai san wanda zai ɗauki gawarta ba in gari ya juya mata baya.

Yaya, na koyi tambayar wanda ya faɗi magana, ba wanda ya koya mini tambayarsa ko ya yarda a faɗa. Da na bar "an ce" ɗina, da yanzu kuna barci lafiya. Ina jin tsoro, ina jin kunya. Zan yi abin da mai gari ya ce, ranar Litinin. Ka roƙa mini gafara wurin Kaka, tun da ni zan mai da maganarta ƙarya.

Allah ya sada mu da alheri. Attahir.

Tebaram, Janairu 1964

Attahir, gaisuwa.

An gaya mini ka je ranar Litinin ka tarar an gama. Ni na jawo, da na karanta wa Kaka takardarka. Ta saurara har ƙarshe, ta ce: "Yaron ga ba ya yin ƙarya sabadda ni. Abin da nig gani da idona shi nika hwaɗi. Ɗaura mini jaki." Na hana, ta ce to da ƙafa za ta tafi. Ni na kai ta, ta faɗa gaban kumandan da mai gari, ba ta rage komai ba.

An cire ƙayar. Na tuge albasata ɗanya kafin raƙuman Illa su iso. Mata sun daina shiga wurin Kaka, sunan jikan mai gari ma ba a aiko mana goro ba.

Hutun bana kada ka zo gida. In Kaka ta tambaya, zan ce karatu ne ya yi maka yawa.

Ka huta lafiya. Manzo.