Igiyar Magini a Darasin Lissafi

Assalamu alaikum Baba,

Ina fata kana lafiya, da Inna da ƙannena. Yaya gwiwar taka? Don Allah ka rage hawa tsani.

Ni lafiya lau nake, kada ku damu. A watan farko dai ɗalibaina sukan kwaikwayi maganata idan na juya ga allo, har wata rana na ɓuya na yi kuka. Shugabar makaranta ma ta ce sai ta ga darasina kafin ta tabbatar da ni a aiki.

Ranar da ta zo, na fitar da yaran fili da igiya mai ƙulli, irin wadda kake daidaita kusurwar gini da ita. Na sa suka ja ta zuwa kusurwa uku, gefe ɗaya tazarar ƙulli uku, ɗaya huɗu, ɗaya biyar. Wata yarinya da ba ta taɓa magana a aji ba ta ɗora littafinta a kusurwar, ya zauna daram. Ta yi ihu, "Malama, ya yi daidai!" Aka kaɗa ƙararrawa, suka ƙi sakin igiyar.

Shugabar ta tambaye ni a wace jami'a na koyo wannan. Na ce mata a wurin babana magini na gani. An tabbatar da ni, Baba. Ka ƙara sa mini albarka.

'Yarka ta fari