Babana Ya Ce Ba Zan Riƙe Masa Hannu Ranar Zaɓe Ba

Assalamu alaikum Gwaggo. Don girman Allah ki taimake ni kafin ranar zaɓe ta zo, kaina ya kulle. Ban taɓa rubuto wa jarida ba, ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye.

Ni malamar firamare ce, ina da aure da yara. Mahaifina ya tsufa, ciwon suga ya cinye masa ido, ko tafin hannunsa ba ya gani. Tun rasuwar mahaifiyarmu na dawo da shi wurinmu. Da ƙuruciyarsa ma'aikacin ɗab'i ne. A zamanin mulkin bindiga, shi yake buga takardun masu neman a bar talaka ya zaɓi shugabansa, har aka kama shi. Ina rarrafe aka tafi da shi, sai da na shiga makaranta ya dawo, yana ɗingishi, haƙoransa na gaba a karye. Tun zaɓen farko bai taɓa fashi ba. Da idon ya tafi, ni nake kai shi, in karanta masa sunayen, ya raɗa mini wanda yake so, in ɗora masa yatsa a wurin. Ko mijina bai taɓa jin wanda ya zaɓa ba.

To Gwaggo, rumfar zaɓen unguwarmu ajina ne, inda nake koyarwa kullum. Duk zaɓe sai a zo a shafe bangon waje da fenti, a ce da an ci za a canza rufi. Na zaɓi wannan, na zaɓi wancan, har wanda muka yi makaranta tare na taɓa zaɓa. Rufin yana nan yadda yake. In ana ruwa, yara su takure a gefe guda mu jera bokitai. Daminar da ta wuce silin ya rufto muna tsakiyar darasi. Katako ya danne hannun daman wata yarinya, 'yar mai facin taya, wadda ta fi kowa kyan rubutu a ajin. Ni na sungume ta zuwa asibiti. Hannun bai koma daidai ba, yanzu da hagu take koyon rubutu kamar 'yar aji ɗaya. Kansila ya zo jaje, ya ɗauki hoto da ita. Makon jiya aka sake zuwa da fenti.

Shi ne na ce ni da zaɓe haihata-haihata. Muna cin abinci na faɗa. Baba ya ajiye cokali ya fara labarin gidan yari, wanda na haddace tun ina yarinya. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce masa duk wahalar da ya sha ɓarayi ya sha wa, ya bar uwarmu da yunwa don wasu su gina benaye.  Sai ya ce hannun da ya raina ƙuri'a ba zai riƙe nasa ba. Tun ranar in na gaishe shi a daƙile yake amsawa, ko magani sai daga hannun mijina yake karɓa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maƙwabcinmu, wakilin wata jam'iyya, wanda ake ce wa Ba-Faɗuwa. Ya ji labari, ya shigo da fara'arsa ya ce shi zai kai Baba a mota. Na san halinsa. Inda shi yake so zai ɗora yatsan, kuma Baba ba zai taɓa sani ba. Mijina ya ce in ce wa Baba na canza ra'ayi, in shiga in fito ban dangwala komai ba, ai ba gani yake ba. Ƙanena da ke aiki a nesa ya ce a waya mu gaya masa an ɗage zaɓen. Shi kuwa Baba ya ce in babu kowa zai ɗauki sandarsa ya tsallaka babban titi shi kaɗai, kuma na san zai aikata.

Gwaggo, ba na son yi masa ƙarya, kuma zuciyata ba za ta iya tsayawa layi a ajin nan ba. Yaya zan yi?

Malamar da ta gaji

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yarinyar nan lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Kin ƙulla abu biyu wuri guda, shi ya sa ƙullin ya ƙi kwancewa. Akwai ƙuri'arki, akwai mahaifinki. Ki fara da mahaifinki, kuma yau ɗin nan.

Fushinki yana kan hanya. Wadda ta ɗauki yarinya daga ƙarƙashin katako ba ta buƙatar kowa ya yi mata lacca kan kishin ƙasa. Amma kin harbi wanda ba shi ya kar zomon ba, ko ratayar ma ba a ba shi ba. Dattijon nan ba shi da ido, ba shi da matarsa, abin da ya rage masa shi ne yarda cewa wahalarsa ba ta tafi a banza ba. Nan kika taɓa. Ki je ki durƙusa ki janye wannan maganar, ba tare da "amma" ba. Bayan ya huce, ki ba shi labarin ranar da silin ya rufto, tiryan-tiryan. Ina zargin bai taɓa jin sa daga bakinki yadda kika rubuto mini ba. Mutumin da aka karya wa haƙora saboda zalunci zai gane wannan ciwon.

Shawarar mijinki da ta ƙanenki ki ajiye su. Da kyakkyawar niyya suka bayar, amma wanda ya cuci makaho don ba ya gani, ko da tausayi ne, layinsa ɗaya da maƙwabcin naku. Shi kuma maƙwabcin, ki gaya wa Baba tsoronki ƙarara. Idan ya dage ba ke ba, ya zaɓi wanda ya amince da shi, mijinki ko wani tsohon amininsa. Ba dole sai ke ba. Dole dai kada a sace masa yatsa, kada kuma ya hau titi shi kaɗai.

Batun taki ƙuri'ar, ba zan ce miki ita za ta gyara rufi ba, don na girmi wannan ƙaryar. Abin da na sani shi ne, mai fentin nan ba ya jin zafin zamanki a gida. Daɗi ma yake ji, domin in masu fushi suka ƙi fita, waɗanda ya saya sun ishe shi. Idan kin fita, ki kayar da wanda ya yi hoto da yarinyar. Idan kin ƙi, haƙƙinki ne, sai dai kada ƙin ya zama ƙarshen aikinki. Ki tara iyayen yaran, mai facin taya a gaba, ku dinga sallama a ofishin kansilan nan har a gaji da ganin fuskokinku. Ki nemi Baba ya koya muku yadda ake yi, sana'arsa ce tun kafin ki yi wayo.

Zaɓe zai sake zagayowa, 'yata. Uba kuwa ba ya zagayowa. Ki tashi ki je ɗakinsa.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa a yi lafiya a gama lafiya.

Gwaggonku