Ganyen da Na Zaro Daga Motar Arnfinn

Ørsta, cikin watan Mayu

Zuwa ga ƙanwata Borghild,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara duka. Allah ya ƙara miki sauƙin ciwon gwiwar nan, ya tsare ku daga sanyin Kanada da kike ta ƙorafi a kai. Mu nan lafiya lau. Ƙanƙara ta sauka daga kan duwatsu, tumakin maƙwabciyata Turid sun haihu, ruwan sama kuwa kin san halinsa, ko hutun Lahadi ba ya yi. Jikokina Sindre da Maren sun girma, Maren har ta kamo ni tsawo. Likita ya duba zuciyata a watan jiya, ya ce in ci gaba da shan magani, in rage kofi. Na ci gaba da shan maganin.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar motar mijina Arnfinn, mai ɗakin kwanan nan da muka zaga arewa da ita shekarar da kika zo. Tun da ya rasu ban yarda an sayar da ita ba, kuma bana na ƙudura zan tuƙa ta da kaina zuwa Helgeland can arewa, in gyara kabarin su Baba, in kwana a bakin teku kamar yadda muka saba. Da kaka ta shiga, sirikina Kjartan, mijin 'yata Ingunn, ya zo da kansa ya ce in kawo ta ya ajiye min a siton gidansu, kada sanyi ya cinye ta a waje. Na ji daɗi ƙwarai, har na toya masa waina. Ban taɓa ganin Kjartan ya nemi ɗawainiya da ƙafarsa ba, amma na ce wa kaina mutum yakan gyaru.

Da sanyi ya ja baya na buga masa waya na ce zan zo in ɗauke ta. Ya ce in dakata, ƙofar siton ta maƙale. Mako na gaba ya ce yana wurin aiki a gonar kifi. Na uku ya ce batir ne ya yi sanyi, sai ya yi masa caji. Ni kuwa da na ga uzurin yana ta haihuwa, sai na shiga jirgin fito ba tare da na gaya wa kowa ba, na sauka a ƙofar gidansu da hantsi. Ingunn tana wurin aiki. Kjartan ya fito yana goge hannu da tsumma, fuskarsa kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Ya ce Mama ai da kin faɗa da na zo na tarye ki. Na ce ƙafata ba ta mutu ba tukuna, ya buɗe min sito.

Motar tana ciki, amma da na murɗa makulli ko tari ba ta yi ba. Kjartan ya ɗaga murfin inji ya nuna min. Borghild, ruwa ne kwance a kan injin, ya cika kowane lungu, ƙarafa sun yi jajir da tsatsa, akwatin fis na wayoyin wuta kuwa da ya buɗe shi sai da ruwa ya zubo masa a takalmi. Ya girgiza kai ya ce motar ta gama aiki, irin waɗannan in suka tsufa haka suke yi, gyaranta wahala ce kawai. Ya ce kada in damu kaina, in bar masa ita da makullinta, shi zai san yadda zai yi ya rabu da ita. Ya ƙara da cewa ni ma a shekaruna hanyar arewa ta yi min nisa. Wannan kalma ta ƙarshe ita ta fi ɓata min rai.

Na ɗaga kai ina kallon rufin siton. Rufin kwano ne sabo, ko ɗigo ba ya yi, ƙasan kuma a bushe ƙayau. Ta ina ruwa ya shiga motar da ta shafe lokacin sanyi guda a ƙarƙashin rufi? Na tambaye shi, ya ce raɓa ce. Na ce raɓar gidanku da ƙarfi take. Da na zaga bayanta sai na ga sawun taya a ƙasa, sabo, da laka a jikinsa, da sawun tarakta a gabansa. Saman motar kuma ya yi kore da gansakuka. Na ce dai mushe ko ba mushe ba, a ƙofar gidana nake son ganinta. Ya yi ta kawo dalilai, ni kuwa na riga na sa makullin a jakata na ja zif.

Washegari aka jawo min ita har gida. Na kira Turid, kin san ta, ba ta jin kunyar kowa kuma ba ta tsoron datti. Ta ce kafin mu zargi mutum mu fara zargin mota. Ta riƙe tiyon ban ruwa tana zuba wa gilashin gaba, ni kuma na sa kai a ƙarƙashin murfin inji da tocila. Ashe a gindin gilashin, inda waifa mai share gilashi ke kwanciya, akwai wani dogon kwatami na roba da ke tare ruwa ya kai shi gefe, ya sauke shi ƙasa ta bututu. Ruwan da Turid ta zuba bai sauka ta bututun ba. Ya taru ya cika kwatamin, ya sami wata mahaɗa a tsakiya da ta buɗe baki, ya riƙa zuba kai tsaye a kan inji kamar indararo. Har cikin wuyan rigata ya shiga. Turid ta yi ta dariya, ta ce ga shi an yi min baftisma ta biyu kyauta.

Na samo waya mai kauri na zura cikin bututun. Abin da ya fito shi ne ya hana ni dariya. Ruɓaɓɓen ganye ne cunkus, baƙi ƙirin, da 'ya'yan itace da ƙananan rassa, na yi ta zarowa har na cika rabin bokiti. Ni da hannuna na wanke motar nan tas kafin in ba da ita, kuma a farfajiyata babu itace ko ɗaya. A cikin sito ma ban taɓa jin itace ya tsiro ba. Turid ta ɗauki ganyen ta murza, ta dube ni, ta ce Gunvor, ruwa ba ya tsami banza, motar nan a waje ta yi kaka, a waje ta yi sanyi, kuma a gindin itatuwa.

Daga nan na shiga ciki da idon bincike. An share, an goge, har ya fi yadda na bar ta, wannan ma ya ƙara min zargi. Tukunyar gas da na bari a cike ta zama fanko. Katifar ta lotsa a gefe ɗaya. A cikin aljihun tebur na tsinci reza da safa ƙafa ɗaya, ba ta Arnfinn ba. Ki yafe min, amma zuciyata ba ta kai ni wuri mai kyau ba. Na ce ko dai haya yake ba da ita a ɓoye, ko kuma, wanda ya fi muni, akwai wata da yake kaiwa ciki, a kan gadon da mijina ya yi jinyarsa ta ƙarshe. Turid ta ce zato zunubi ne, na ce na sani, amma biri ya yi kama da mutum. Ta tambaye ni ko na ga gashin mace ko na ji ƙamshin turare. Ban gani ba, ban ji ba, sai warin soyayyen kifi da jiƙaƙƙen takalmi.

Na rasa yadda zan yi da Ingunn. In na yi shiru na ci amanar 'yata, in na yi magana kuma ba ni da hujja sai ganye da safa. Na bar maganar ta kwana biyu a cikina, na shagala da gyara. Muka kwance kwatamin muka wanke, muka share bututun har ruwa yana wucewa sarai, muka liƙe mahaɗar da gam mai hana ruwa. Akwatin fis na busar da shi da na'urar busar da gashi. Bakaniken da ke kusa da tashar fito ya zo ya canza wayoyin da suka ci, ya kankare tsatsa, ya sa wa injin murfi a sama. Ya ce na yi sa'a, da ta ƙara wani sanyin a haka da bututun mai ya manne da injin har abada. Na tambaye shi ko motar ta mutu kamar yadda aka gaya min. Ya ce wa ya faɗa? Ya murɗa makulli, ta yi tari sau biyu ta tashi. Na zauna a kan matakalarta ina sauraron ƙarar injin.

Ranar Asabar na kira Ingunn ta zo ita kaɗai. Na zuba mata kofi, na ajiye bokitin ganyen a gabanta da rezar da safar. Na ce ba na son in shiga tsakanin mata da miji, amma ta tambayi mijinta inda motata ta kwana, da wanda ya kwana a cikinta. Na zaci za ta firgita. Sai kawai ta rufe fuska ta fashe da kuka, ta ce ba sai ta tambaye shi ba, ita ta sani. Kjartan ne ya kwana a ciki, shi kaɗai, tun daga kaka har ranar da na fara buga waya. Sun rabu da ɗaki tun bara. Ba sa son yara su rasa ubansu, ba sa son gari ya ji, sai ya kai motar bayan rumfar ajiye jirgin ruwansu, can cikin itatuwan bakin ruwa inda ba a hangowa daga hanya. Da safe ya shigo ya karya da yara, da yamma ya koma. Da na ce zan zo, motar ta ƙi tashi, shi ne ya ja ta da tarakta ya cusa a sito. Cewar da ya yi in bar masa ita kuwa, ba shi da wani wurin kwana ne.

Na tambaye ta ko mace ce, ta ce a'a. Giya ce, ta ce a'a. Ya taɓa ɗaga mata hannu, ta rantse bai taɓa ba. Ta ce sun wayi gari ne kawai ba su da abin da za su ce wa juna. Ban ce ƙarya take yi ba, amma mutanen da suka zauna a teburina ranar Kirsimeti suna miƙa wa juna dankali suna murmushi, alhali ɗaya a mota yake kwana, ba zan ƙara karɓar maganarsu ba sai na juya ta na duba bayanta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ni kuwa har yanzu ba a nuna min tsagar ba.

Na je na sami Kjartan a rumfar jirgin. Ya rame, ban lura ba sai ranar. Ya fara ba ni haƙuri, na ce ya riƙe haƙurinsa, abin da ya fi min ciwo shi ne ya dubi idona ya ce motar Arnfinn ta mutu. Na ce mota dai ba zai sake kwana a cikinta ba, arewa za ni da ita. Amma ɗakin da ke saman garejina babu kowa, akwai gado, akwai murhu, ya kwaso kayansa. Turid ta ce na haukace, na ajiye wanda ya yi min ƙarya a gidana. Na ce uban jikokina ne, kuma gara ya zauna inda idona ke kaiwa. Yanzu haka yana can, ina jin takunsa ta rufi. Yana sara min itace ba tare da na roƙa ba, ni kuma ina lura da lokacin fitarsa da na dawowarsa.

Saura magana ɗaya, kuma taki ce. Da Ingunn tana kuka na tambaye ta me ya hana ta zuwa wurin uwarta. Sai bakinta ya suɓuce, ta ce ai Inna Borghild ce ta ce kada a gaya min, wai zuciyata ba za ta ɗauka ba. Ta ce tun kafin Kirsimeti kin sani. Borghild, duk Lahadi kina kirana, kina tambayar lafiyar Ingunn da Kjartan, ina ce miki suna nan lafiya, kina cewa madalla. Ni da na goye ki a bayana zuwa makaranta, ni za ki mayar jaririya? Zuciyata ta ɗauki mutuwar Arnfinn, ta ɗauki ta Mama da kika tarar an riga an binne. Ina so in san abin da Ingunn ta gaya miki wanda ba ta gaya min ba, domin na tabbata akwai. Kada ki kira waya, na san muryarki ta iya lallashi. Ki zauna ki rubuto min da hannunki.

Ki gaida min maigidanki Douglas, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki gaida ɗanki Leif da matarsa da jaririnsu, da 'yarki Karin, ki ce mata ina nan ina jiran hoton da ta yi alkawari. Turid tana gaishe ki, Sindre da Maren ma haka. Farkon watan Yuni zan kama hanya in Allah ya yarda, zan sa wa su Baba furanni da sunana da naki, duk da ina fushi da ke.

Yayarki,
Gunvor