Hafsatu Ta Tambaye Ni Sunana

Sani, Hafsatu ta tambaye ni sunana! Af, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Yaya aiki, yaya Fatakwal, yaya iyali? Mu nan lafiya lau, gero ya fitar da kai.

Na san ka ce kada a kai 'yarka makaranta tunda kurma ce, yara za su yi mata dariya. To, na saɓa maka. Samari da 'yan matan garin nan ne suka dame ni da zarya. Sau biyu ina korarsu, na zaci 'yan siyasa ne. Su suka shawo kan hedimasta, kuma suna shiga aji suna koya wa duk yaran maganar hannu.

Jiya a zaure ta rubuta HAFSATU a ƙasa da tsinke, ta nuna ƙirjinta. Sai ta miƙo mini tsinken, ta nuna ni. Na rubuta AUDU da ɗan rubutuna na yaƙi da jahilci. Ta dube shi, ta dube ni, ta yi ta dariya.

Ni fa kaina ya kulle. Ashe shekara tara yarinyar nan ba ta san muna da sunaye ba? To me take kiranmu a zuciyarta? Na tambayi kakarta, sai ta sa kuka.

Kada ka yanke hukunci daga nesa. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Ku taho dukanku ku gani, don naka sunan ba wanda zai rubuta mata sai kai.

Mahaifinka,
Audu