Fiddausi a Cikin Rumbun Gero

Yargalma, bayan girbi

Zuwa ga aminina Abdussalam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Zinatu da yara. Ya Kaduna, ya aiki? Mu nan alhamdu lillahi, sai dai zaman ɗar-ɗar da ka sani.

Littafin hotunan da ka ba direba ya iso, Allah ya bar zumunci. Amma kada ka ji haushi, wannan mai hoton bai burge ni ba. Duk wanda ya ɗauka sai ya tsayar da shi ƙiƙam kamar mai neman katin zaɓe. Na fi son na bara, na masunta, inda ba ka ganin komai sai hannuwa da koma da ruwa. Duk da haka na sa shi cikin 'yan'uwansa. Mutanen gari suna nan suna cewa Malam Namadi ya bar koyarwa ya koma kiwon takarda.

Kai dai ka san inda abin ya samo asali. Shekarar da gubar dalma ta kwashe mana yara, matar nan mai ɗaukar hoto ta biyo likitoci garinmu, daga baya ta aiko mani littafinta. Autarmu Fiddausi, Allah ya jiƙanta, tana ciki, zaune gindin turmi, haske ya kama rabin fuskarta. Ba mu da wani hotonta a duniya. Uwarta Iyatu ba ta taɓa yarda ta kalle shi ba, da ta ga na ɗauko littafin sai ta tuna tana da aiki a tsakar gida.

Ana ta cewa 'yan bindiga sun matso. Na naɗe littattafan duka cikin buhu, na cusa su tsakiyar dammunan gero a rumbu. Rumbu kan duwatsu yake, ba danshi, ba gara, kuma tun kakanninmu abin da mutum ke tsoron rasawa can yake kai shi. Ko Iyatu ban gaya wa ba.

Ka gaishe mani da kowa.

Naka,
Namadi

Bukkuyum

Abdussalam,

Sallama da gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya. Na san labari ya riga wasiƙata. Mun tsira da rayukanmu, muna gidan ƙanen Iyatu, Makau.

'Yan bindigar ba su shiga ɗakina ba, aminina. Ko ƙofar ba su taɓa ba. Rumbuna suka bi suna cinna wa wuta, don yunwa ta hana mu komawa. Da na bar littattafan a kan tabarma inda suke kullum, da suna nan.

Makau ya kai ni Yargalma a babur. Geron ya zama toka, amma takardar irin waɗannan littattafai kauri gare ta, sai ta manne ta zama baƙin dunƙule kamar ƙanzo. Na gane na Fiddausi da girmansa. Na sa yatsa zan buɗe, ya ruguje a hannuna. Wallahi ban yi kukan gero ba, kuma ina jin kunyar haka, don mutane a gefena abincin shekara suke wa kuka.

Iyatu tana zaton na aiko maka da su Kaduna tun kafin abin ya faru. Ban gyara mata zato ba. Don Allah ka bincika mani wani irin na Fiddausi, ka san bangonsa, mai ruwan ƙasa.

Naka,
Namadi

Bukkuyum, farkon damina

Aminina Abdussalam,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Zinatu. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Na ga amsarka. Ka ce kaɗan aka buga tun farko, matar ta rasu, masu sayarwa ma ba su san inda sauran suka shiga ba. Ka yi iya ƙoƙarinka, ban da abin cewa.

Ina rufe ido in nemo fuskar yarinyar nan. Turmin yana zuwa, zanen da ke jikinta yana zuwa. Amma na kasa tuna ko ɓangaren dama ne hasken ya kama ko na hagu. Shekarun nan duka na dogara da takarda, ban adana komai a kaina ba. Zuciyata ta mutu, Abdussalam, kai kaɗai nake iya gaya wa.

Ga abin da ya sa na rubuto. Iyatu ba ta da lafiya tun da muka baro gida, abinci ma sai an matsa mata. Ran Juma'a ina zaune kusa da ita ta kama bakin rigata, ta ce, "Malam, ka ce ma Abdussalam shi aiko da littahin nan. Yanzu ina iya kallon ɗiyata." Na ce mata to.

Tun ranar, duk motar da aka ce daga Kaduna take, sai ta aiki Makau tasha. Ya dawo hannu sake, ta ce wataƙila ta gobe.

Idan ta sa an kira ka a waya, ka ce hanya ce ba kyau. Kuma kada ka ƙara aiko mani da wani littafin, ko wane iri ne. In ta ga ƙunshi daga wurinka, da hannunta za ta buɗe.

Allah ya sada mu da alheri.

Amininka,
Namadi