Turken burtalin yana tsakar gidana

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin, a sakaya sunana, ko da yake duk wanda ya san tsakanin Rano da Kibiya ƙila ya shinshino ni. Don Allah ku ba ni shawara, tsoho ne ya gina rami, sai ga shi 'yarsa ce a bakin ramin.

Ni manomi ne, na haura sittin. Boko aji uku na yi na gudu saboda bulala, wannan rubutun ma da yatsa ɗaya nake danna shi tun azahar, inda kuka ga gyara ku yi min afuwa. Amma Allah ya ba ni 'ya mai kai, bari in kira ta Uwani. Tana digiri na biyu a jami'a, karatun taswira, irin wanda ake duba ƙasa da hoton tauraron ɗan'adam. Ni dai da ta fara, cewa na yi yanzu duk kuɗin makarantar nan a leƙen gonakin mutane daga sama zai ƙare? Ta yi dariya, ni ma na yi, ban san kaina nake wa dariya ba.

Aikin da za ta gama da shi a kan burtali ne, hanyar shanun da ta bi ta wajen Durba. Tana son ta nuna faɗinsa na da, da yadda ya tsuke yanzu. To gonata a jikin burtalin nan take. Kuma gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, shekara da shekaru kowace damina sai na ɗan shiga, bana taku biyu, baɗi taku uku, in matsar da shingen bini-da-zugu kamar shi ya tsiro da kansa. Akwai wani turken siminti mai lamba da aka kafa tun muna samari, shi ne shaidar iyaka. Wata ranar kasuwa da kowa ya watse na tuge shi, na ɗora a amalanke na kawo gida, na kwantar da shi lambar tana kallon ƙasa. A kansa nake zama in yi alwala har yau. Abokina Ardo, wanda rugarsa ke bayan gonar, duk haɗuwarmu sai ya ce, "Kaɗo, gonarka ƙiba take yi, me kake ba ta?" In ce masa taki. Mu yi dariya mu rabu.

Da Uwani ta zo aikin fili tana da tsohon ciki. Ta taka mafi yawan hanyar da ƙafarta, amma wajen gonata akwai kwari da ƙaya, na hana ta. Sai ta ba ni wata 'yar na'ura kamar waya, ta ce in riƙe in bi ainihin tsohuwar iyakar kamar yadda na santa tun ina yaro, na'urar za ta riƙa ajiye duk inda na taka. Ta ce don babu wanda ya fi ni sanin wurin. Jama'a, da na iso gonata sai shaiɗan ya kama min ƙafa. Maimakon in ratsa ta tsakiyar dawata inda iyakar take, sai na kewaye ta bayan shinge, ina tafe ina jin daɗi wai na yi wa boko wayo. A tunanina abin nan bai san komai ba sai abin da ƙafata ta gaya masa. Ashe taurarin nan sun daɗe suna ɗaukar hoto, tun shingen nawa yana inda yake na gaskiya.

Da ta haɗa a kwamfuta ta ga tsohon hoto da sawuna sun saɓa, ta kira ni ta tambaya. A nan ya kamata in tsaya, amma na ce mata hoton ne ya karkace, har na ƙara da cewa wanda ke sama ai ba zai fi wanda ke ƙasa gani ba. Ta yarda, ta rubuta haka a littafinta, cewa an tabbatar daga bakin dattijon wurin.

Farfesan da ke duba aikin nata kuwa ba yaro ba ne. Ya ga layi ya taho santal, sai ya lanƙwasa ya kewaye gona ɗaya tak, sannan ya koma hanya. Ya bincika ya ji gonar mahaifinta ce. Ta ce a ofis ya ajiye mata takardun, ya ce ko dai ita ta murɗe sakamakon don ta kare gonar gidansu, ko wani ya yaudare ta, kuma in na farkon ne ba maganar digiri, gaban kwamiti zai miƙa ta, abin da zai iya kai ga kora. Shekara uku yarinyar nan tana hawa mota Rano zuwa Kano, da ciki, yanzu da goyo.

Shekaranjiya ta zo gida idonta ja wur. Ta zauna a kan turken nan, wallahi a kansa ta zauna, tana ba jaririnta nono tana ba ni labari. Ta ce ta gaya wa Farfesa, "Babana ɗan aji uku ne, amma bai taɓa yi min ƙarya ba." Ta ce ta roƙe shi ya zo ranar Asabar ya gani da idonsa, ya kuma yarda, za ta gayyato Ardo, ni kuma in nuna musu inda turke yake, magana ta ƙare. Sai ta nuna min shafin farko na littafin, ni ta sadaukar wa aikin. Na ce Allah ya yi albarka, na tashi na shiga ɗaki wai ina neman hulata, alhali tana kaina.

Na yi tunanin in kwanta ciwon ƙarya ranar Asabar, amma wannan ita zai ƙara tona wa. Na yi tunanin in mayar da turken a ɓoye, to in na kafa shi inda yake na gaskiya ya ƙaryata sawuna, in na kafa shi a bayan shinge kuma na ƙara ƙarya a kan ƙarya, ga ɗanyar ƙasa, ga Ardo da ya san kowane kututture. Gonar ba ita ce damuwata ba, a yanke abin da na ci, shanu su wuce, dama nasu ne. Dariyar Ardo ma zan iya shanyewa. Abin da na kasa shi ne in kalli yarinyar da ta tsaya gaban Farfesa ta rantse da ni, in ce mata a kan me take zaune.

To 'yan'uwa, in fara zuwa wajen Farfesa ni kaɗai in wanke ta, ta ji daga baya? Ko ita zan fara gaya wa, kuma da wane baki? Waɗanda suka yi jami'a a cikinku, in na amsa laifina za a bar ta ta gyara ta kare aikinta, ko har da ita za a hukunta don ta yarda da ni? Mai zagina ya zaga, na cancanta, amma ya haɗa da shawara, yau Laraba. Ga shi an kira la'asar, kuma ban san inda zan zauna in yi alwala ba.