Na Tuɓe wa Kwamfutocin Riga, Inna

Zuwa ga mahaifiyata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, da addu'ar Allah Ya kai haske kabarinki, ina sanar da ke cewa lafiya muke a Gashuwa, ni da Malam da jikokinki. Na san wannan wasiƙa ba za ta iso hannunki ba, wasu ne za su karanta ta. Amma ke na saba fara kai wa labari, mai daɗi da marar daɗi, kuma har yau na kasa canza hali.

Inna, na samu takardar. Satifiket ɗin koyar da kwamfuta a firamare, wanda na yi ta zaryar Nguru saboda shi. Bari in faro miki daga tushe, tunda kin riga mu gidan gaskiya kafin kwamfutocin su zo.

Bayan rasuwarki aka kawo wa makarantarmu su, har da sola a kan rufi. Hedimastanmu mutumin kirki ne, sai dai tsoron a ce abu ya lalace a hannunsa ya fi ƙarfinsa. Ya sa tela ya ɗinka wa kowace rigarta, aka jera su a ɗaki ɗaya, aka garƙame da kwaɗo. Ranar darasi ni ce mai kai yara. Su tuɓe takalma a bakin ƙofa, su shiga a layi, hannuwa a baya. In ɗaga rigar guda ɗaya in nuna musu da 'yar sanda: wannan fuskarta, waɗannan madannai, wannan linzami. Su maimaita da ƙarfi har a ji su a bakin titi. In mayar da riga, mu fita. Ni kuwa a raina gani nake na koyar.

Ban ga aibun hakan ba, don a ɗakinki na tashi. Kin tuna kabad ɗinki mai gilashi, da kwanonin tangaran da kika jera a ciki. Duk Juma'a ki fito da su ki goge, ki mayar, mu kuma muna cin tuwo a kwanon silba da ya lotse ta ko'ina. Da hannuna ya nufi gilashin sai ki ce, "Da ido ake kallo, Falmata." Akwai wani mai shuɗayen furanni da nake mutuwar so. Na girma, na yi aure, na haihu, ban taɓa ganin miya a cikinsa ba. Da aka raba kayanki shi ya faɗo a rabona, ni ma na kai shi kabad na rufe.

Ana nan sai ga mutanen ofishin ilimi sun zo duba makaranta. Suka tarar da kwamfutocin fes, kamar yau aka ciro su daga kwali. Hedimasta ya gyara tsayuwa yana jiran yabo. Sai suka ce muddin zango ya ƙare makarantar ba ta da malami mai takardar koyar da kwamfuta, za a kwashe su a kai inda za a yi amfani da su. Gaskiyarsu ce kuma. Duk malamai suka juyo suna kallona, tunda ni ake kira malamar kwamfuta, ni da ko kunnawa ban taɓa yi ba. Yaranmu 'ya'yan masunta ne da manoman shinkafa, Inna. In aka fita da injinan nan ta ƙofarmu, da yawansu sun gama ganin kwamfuta ke nan.

Haka na shiga kwas ɗin. Duk Asabar in hau motar Nguru, mu wuce Jajimaji, in sauka ƙanshin kifin banda yana yi mini maraba. Hanyar wurin karatun ta bayan unguwarmu ta haihuwa take, kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma ban taɓa wucewa ban waiwayi lungunmu ba.

Mai horas da mu yarinya ce, a haife na kusa haifarta, amma tana da haƙuri. Ranar farko ta ce ina taɓa madannai kamar mai ɗaga murfin tukunya mai zafi. Aka yi mini dariya, ni ma na yi. A hankali hannuna ya saki. Na iya rubutu, na iya adana shi, na iya zana gida da bishiya. Jarrabawar takarda kuwa ba ta ba ni wuya ba, kin san 'yarki da hadda.

Gwajin ƙarshe shi ne a kawo mini yara na gaske in koyar da su a gaban masu dubawa. Na tashi da ƙarfin gwiwa, don wannan kam fagena ne. Na jera su a layi, hannuwa a baya, na ɗauki sandata. Suka yi ta maimaitawa har ɗakin yana amsawa. Na gama ina jin babu wanda ya kamo ni.

Mai horas da mu ta ja ni gefe. Cikin ladabi ta ce bayanina ya yi kyau, amma har na gama babu yaron da hannunsa ya taɓa kwamfuta, saboda haka ban ci ba. Ta ce ina da dama ɗaya a Asabar mai zuwa. In ta wuce sai in jira rukuni na gaba, shi kuwa sai bayan zango ya ƙare.

Ranar ko kifin da na saba saya wa jikokinki ban tsaya saya ba. Kunya ta kama ni, tsoro ya fi ta. Tun daga Nguru har Gashuwa ina ganin motar da za ta zo ta kwashe kayan nan, ina ganin idon yarana a kaina.

Ran Juma'a na buɗe kabad zan goge kwanonki kamar yadda kika koya mini. Na tsaya da shi a hannu na daɗe. Ba laifinki nake gani ba, Inna. Da guminki kika tara su, kuma kin san in ɗaya ya fashe babu mai sayo miki wani. Amma sai na ga ashe duk shekarun nan abin da nake koya wa 'ya'yan mutane ke nan, yadda ake tsayawa daga nesa a kalli abu mai kyau.

Washegari na koma. Na zaunar da yaran, na ce kowa ya kunna ta gabansa. Ni ce na mayar da hannuwana baya na harɗe, don na san halina, zan iya kai cafka. Ana cikin rubuta suna sai wata 'yar ƙarama ta dafa madannan da tafin hannu biyu. Rubutunta ya ɓace ɗungum, wani abu daban ya rufe fuskar kwamfutar. Maganarki ta taho har bakina, Inna, na ji ta a kan harshena. Na haɗiye ta da ƙyar. Na durƙusa kusa da yarinyar, na ce ta nuna mini inda ta danna, na kira na kusa da ita su zo mu nema tare. Muka gwada wannan, muka gwada wancan. Da nata yatsan ta dawo da sunanta, ta ƙyalƙyale da dariya.

Da aka kira sunana cikin waɗanda suka ci, ban yi guɗa ba, ban yi kuka ba. Zama kawai na yi a kan benci, na sauke numfashin da nake riƙe da shi tun ranar da mutanen ofis suka zo. Alhamdu lillahi.

Kwamfutocin suna nan, ba inda za su. Hedimasta da kansa ya ninke rigunan ya miƙo mini makulli, ya fita da sauri kafin yara su shigo, don ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Yanzu duk madannan sun yi shaidar yatsu, har da maiƙon ƙuli-ƙuli. Ina gogewa da yamma, kuma wallahi daɗin gogewar nake ji.

Saura abu ɗaya da ya kamata ki ji daga bakina. Ranar da na karɓo takardar na sayo bandar Nguru, na yi miyar kuka, na ɗauko kwanonki mai shuɗayen furanni na zuba a ciki. Ni da jikokinki muka kewaye shi muka cinye tas. Wajen wanki gefensa ya ɗan ɓantare. Ki yafe mini, Inna. Gobe ma a cikinsa za mu ci.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata makwancinki, Ya saka miki da Aljanna a kan duk abin da kika hana kanki domin mu. Ya sa ki ci ki sha a kwanon da ya fi naki kyau. Amin.

Taki har kullum,
Falmata